Kwalbar Furotin Daga Turai da Ƙodar Manomin Funtua: Ina 'Yan Lab Suka Tsaya?

Akwai wata 'yar kwalba da kamfanonin kayan bincike na Amurka da Turai da Sin ke sayarwa, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. In ka ɗaga ta ka duba sai ka rantse babu komai a ciki, don abin da ke gindinta ɗan farin gari ne da bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Kuɗin irin wannan kwalba kuwa ɗaruruwan daloli ne. In ka juya su zuwa naira, sai manomin Bakori ya kai buhunan masara da dama kasuwa kafin ya haɗa kuɗin. A jikinta an rubuta sunan abin da ke ciki, KAAG1, wato wani furotin na ƙodar ɗan Adam da aka ƙera a ɗakin gwaje-gwaje, a ƙasa kuma an ja kunne cewa don bincike kawai aka yi shi, ba don yi wa mara lafiya magani ba.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman mu na sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, na ɗauko zancen kwalbar nan ne saboda tana nuna mana tazarar da ke tsakanin abin da muke haddacewa da abin da ke kwantar da iyayenmu a gida. Ra'ayina dai shi ne: ba wannan kwalba muke bukata yanzu ba, amma dole mu fahimce ta, sannan mu tambayi kanmu me ya sa har yau babu wanda zai iya faɗa mana, da alƙaluma a hannu, halin da ƙodar manoman Funtua da Malumfashi ke ciki. Kuma ina ganin kuɗin da muke ƙonawa kowace shekara a kan furojet na gama makaranta ya isa a fara neman amsar.

Bari in fara da ita kwalbar, don labarinta na da daɗi. A shekarar 1999 wasu masu bincike a Cibiyar Ludwig da ke Burasels ta ƙasar Beljiyam, ƙarƙashin Benoît Van den Eynde, suna nazarin yadda sojojin garkuwar jiki ke gane ƙwayoyin sankarar ƙoda. Sai suka tarar cewa alamar da sojojin nan ke kamawa ta fito ne daga wani wuri da ba a zata ba. Kun san DNA igiya biyu ce a murɗe. A kan igiya ɗaya akwai ƙwayar gado da ake karantawa ta wannan gefe, sai ga shi ƙwayar halittar tana karanta ɗaya igiyar ta baya, ta fitar da wani ɗan gajeren furotin dabam mai amino asid 84 kacal. Kamar ka ɗauki allo guda, wani ya karanta shi da boko daga hagu, wani ya karanta bayansa da ajami daga dama, kowa ya fito da magana mai ma'ana. Wannan ɗan furotin shi ne daga baya aka sa wa suna KAAG1. Ana samunsa a lafiyayyar ƙoda, ana kuma samunsa a nau'o'in sankara da dama, shi ya sa masu neman maganin sankara suka sa masa ido.

To ta yaya ya shiga kwalba? Ba ƙodar wani aka matse ba. Abin da littafinmu ke kira rikombinan ne, ni kuwa na fi son in kira shi dashe, don duk ɗan da ya tashi a fadama ya san dashen tumatir. Ana ciro ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗin, a liƙa ta a wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid, a dasa zoben a cikin bakteriyar E. coli, ko yis, ko ƙwayoyin halittar dabba da ake kiwo a kwalba. Ita E. coli in ta samu abinci da ɗumi na digiri 37, tana iya ninka kanta cikin kamar minti 20. Kafin gari ya waye ta cika ruwan, kowace ɗaya tana ƙera furotin ɗin mutum ba tare da ta san na wane ne ba. Sai a fasa su, a tace. Don tacewar ta yi sauƙi, galibi akan ɗaura wa furotin ɗin 'yar wutsiya ta histidin guda shida, wadda ke manne wa ƙarfen nikel, sauran tarkacen ya wuce, shi ya tsaya. A wanke, a sako shi, a gwada tsabtarsa, a busar da shi cikin sanyi, a rufe. Daga nan kuma sai firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, ko ma 80, tare da gargaɗin kada ya riƙa narkewa yana sake daskarewa. Wanda ya san halin wutarmu ya san inda zancen ya dosa.

Kada wani ya ce wannan harkar Turawa ce da ba ta shafe mu ba. Stanley Cohen da Herbert Boyer sun nuna dabarar a 1973 a Kalifoniya, a 1982 aka amince da insulin na farko da aka ƙera ta wannan hanya. Yau duk dattijon da ke yi wa kansa allurar ciwon suga a Funtua, kusan tabbas irin wannan insulin ɗin yake sa wa jikinsa. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai a asibitocin shan magani, a cikin yis aka ƙera furotin ɗinta. Ga kuma wanda ya fi kusa da zancenmu: ƙoda ce ke fitar da sinadarin iritirofoyitin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda ke fari fat yana haki. Tun 1989 ake da allurarsa ta dashe, kuma masu zuwa wankin ƙoda a Kano da Zariya da Katsina sun san ta, sun san tsadarta.

Har a gona ma ta iso. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya ta fitar da irin auduga mai ɗauke da ƙwayar gadon bakteriyar Bt a 2018, sai waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso a 2019, sai masarar TELA a 2024. Mu da garinmu ya tashi a kan auduga, da injinan gurza da masaƙar Funtua, ba baƙin wannan magana ba ne. Na sha ganin ana rubutawa a Facebook cewa wai irin nan ne ke kashe wa mutane ƙoda. Masu faɗar haka ba su kawo awon ko mutum ɗaya ba. Ciwon ƙoda kuma ya riga waɗannan iri zuwa da shekaru masu yawa. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne mu da ake koya wa awo, mu ma ba mu da awon da za mu ajiye a teburi. Sai dai musu, kowa ya ɗaga murya, a watse.

Ciwon kuwa yana nan, ba ya jiran musunmu. Kowace ƙoda na da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, biyun a haɗe suna tace ruwan jini kusan lita 180 a rana, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da abin da bai wuce lita ɗaya da rabi ba a matsayin fitsari. Muguntar ciwon ita ce ba ya sallama. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana noma, yana cin kasuwa, bai ji komai ba. Sai ƙafa ta kumbura, fuska ta tashi da safe, amai ya ƙi tsayawa, sannan a ɗauko shi. A garuruwanmu ma kafin a kai ga asibiti sai an bi ta wajen mai magani, an ce sammu ne, an ce shawara ce, an ɗura masa jiƙe-jiƙen da wataƙila su za su ƙarasa ragowar ƙodar. Lokacin da na yi aikin koyon sana'a na wata huɗu a ɗakin gwajin wani asibiti, abin da na fi gani ke nan: mutum a karon farko da aka taɓa auna masa ƙoda a rayuwarsa, sakamakon ya fito ya riga ya wuce gyara.

Daga nan sai wankin ƙoda. Ƙa'ida sau uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na Maiduguri da Azare. Abin a yaba ne. Amma yi lissafi da kanka: ko a sabon farashin, zama uku naira 36,000 ne a mako, ban da kuɗin mota zuwa Shika ko Kano ko Katsina, ban da jini, ban da allurai, ban da mai jinya da ya bar gonarsa. Na ga gidan da aka fara da sayar da tumaki, aka koma shanun huɗa, aka ƙare da gonar gado. Dashen ƙoda kuwa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana yi tun 2002, sai dai miliyoyin da ake nema da magungunan da za a sha har ƙarshen rayuwa sun fi ƙarfin talaka. Mu mutanen Katsina ma ba sai an ba mu labari ba, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi fama da ciwon ƙoda shekaru, da duk damar da yake da ita ta ganin likitocin duniya.

Me ke kawo shi? Manyan sanannu dai hawan jini da ciwon suga. Akwai sikila. Akwai wani bambanci a ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda aka gano alaƙarsa da ciwon ƙoda a 2010, ya kuma yawaita a Afirka ta Yamma saboda yana ba da kariya daga ƙwayar ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Wani babban bincike da aka yi kan mutane fiye da 8,000 a Najeriya da Gana, wanda aka wallafa a 2024, ya tabbatar yana ƙara haɗarin. Waɗannan duk an san su.

Abin da ya sa na nace a kan manoma shi ne labarin da ya fito daga wasu ƙasashe. A garin Chichigalpa na ƙasar Nikaraguwa, masu saran rake matasa majiya ƙarfi, ba su da suga ba su da hawan jini, suka riƙa mutuwa da ciwon ƙoda har aka yi wa wata unguwa laƙabi da tsibirin zawarawa. A yankin Anuradhapura na Siri Lanka manoman shinkafa ne. A Uddanam ta Indiya ma haka. Har yau masana na jayayya kan musabbabin: wasu sun fi karkata ga aiki mai nauyi cikin zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki kullum-kullum, wasu ga magungunan feshi, wasu ga ruwan rijiya. Siri Lanka ta haramta maganin ciyawa na gilaifoset a 2015, ta sassauta haramcin a 2018, ciwon bai ce ga garinku nan ba. A Nikaraguwa kuwa da aka tilasta ba ma'aikata ruwa da hutu da inuwa a kan kari, raunin ƙoda a lokacin saran rake ya ragu. A gida Najeriya, Gashuwa da kewayenta a Yobe, da Haɗeja a Jigawa, sun daɗe suna kukan yawan masu ciwon ƙoda.

Yanzu ku rufe ido ku kalli namu yankin. Ɗan ƙwadago a gonar rake a Ɗanja, ko mai casar masara a Dandume, daga hantsi har la'asar, da 'yar jarkar ruwa ɗaya. Yaro ɗan shekara sha biyar da famfon feshi a baya, ba takalmi ba safar hannu, maganin na zuba masa a gadon baya, in bakin famfon ya toshe ya sa baki ya hura. Farakwat, wanda Tarayyar Turai ta haramta tun 2007, NAFDAC ma ta sanar da haramta shi, an san in ya shiga jiki yana lalata huhu da ƙoda. Galan ɗin maganin in ya ƙare sai a ɗauraye a zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Da daddare kuma a biya kemis a ce a ba ni haɗin gajiya, a ƙulla masa diklofenak da ibufurofen da wani abin da ba suna, ya kora da shayi. Kowane ɗalibin shekarar farko ya san abin da irin waɗannan ƙwayoyi ke yi wa ƙodar da ta wuni da ƙishi. Ban ce wannan ya tabbatar muna da annobar Nikaraguwa ba. Cewa na yi duk sinadaran miyar suna nan, kuma ba wanda ya buɗe tukunyar ya duba.

Abin haushin, an taɓa dubawa a nan ɗin nan. A shekarun 1970, lokacin Malumfashi na ƙarƙashin tsohuwar jihar Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful a Ingila sun gudanar da wani dogon aikin bincike kan cututtukan yankin. Farfesa Herbert Gilles da R. N. H. Pugh da abokan aikinsu sun bi ƙauyuka suna karɓar fitsari suna ƙirga ƙwan tsargiya, suka wallafa jerin rahotanni fiye da goma ɗauke da sunan Malumfashi a kansu. Tsargiya kuwa ba fitsarin jini kawai ba ce da yara ke ɗauka alamar girma. In ta daɗe tana toshe hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda zuwa mafitsara, ƙodar ta kumbura ta lalace, tana kuma da hannu a sankarar mafitsara. A wannan aikin dai, Pugh da David Theakston sun yi amfani da gwajin ELISA, wanda aka ƙirƙiro a Suwidin a 1971, suka nemi alamar dafin maciji a jinin mutanen Malumfashi don gane yawan waɗanda gamsheƙa da 'yan'uwanta suka taɓa sara. Ku duba fa: wajen 1980 an gwada jinin kakanninmu da ELISA. Mu jikokinsu, fiye da shekara arba'in bayan haka, a allo muke zana farantin ELISA mai rami 96, mu haddace matakansa, mu rubuta a jarrabawa, mu ci maki, ba mu taɓa riƙe shi ba.

A nan ne kwalbar furotin ke da gurbinta na gaskiya. Gwaji irin ELISA ba ya aiki sai da ma'auni. Kamar mai awon hatsi ne, sai da tiyar da kowa ya yarda da ita. Furotin ɗin dashe mai tsabta, wanda aka san nauyinsa daidai, shi ne tiyar: da shi ake zana layin da za a gwada samfurin mara lafiya a kai, da shi kuma ake samar da antibodin da zai kamo ɗan'uwansa a jini ko fitsari. Akwai furotin irin su KIM-1 da NGAL da ke tashi a fitsari tun raunin ƙoda na sabo, kafin tsohon gwaji ya nuna komai. Su ne za su fi amfanar manomi nan gaba, ba KAAG1 ba, wanda harkarsa ta fi karkata ga sankara. To amma ko su ɗin, hawa na uku ne a benen da ba mu zuba wa harsashi ba.

Harsashin kuwa tsoho ne, mai araha. Tsinken gwajin fitsari da ke canza launi in akwai furotin ko jini. Na'urar awon jini ta hannu. Na'urar awon suga. Madubin likita da santirifuj don ganin ƙwan tsargiya. Sai awon kiriyatinin a jini, wanda ake yi da hanyar da Max Jaffe ya bayyana tun 1886, sinadarin fikirik asid da kalorimita take so. Daga kiriyatinin da shekaru da jinsi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. In ya sauka ƙasa da 60 ya zauna a haka har wata uku, an shiga ciwon ƙoda mai daɗewa. Ba sirri a ciki, ba kuma dala da yawa.

Ga abin da nake nema. Kowace shekara muna yin furojet. Mu faɗa wa juna gaskiya, rabinsa kwafi ne. A je shagon kwamfuta a zaɓi tsohon aiki kan ganyen zogale ko ruwan leda, a canza sunan gari da shekara, a buga, a yi masa bango mai ruwan gwal, a kare shi cikin minti goma, ya tafi kabad ya zama abincin gara. A ce mu sittin ne a aji, kowa ya kashe naira 30,000 tsakanin bugu da bango da zirga-zirga. Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ke nan, a aji ɗaya, a shekara ɗaya. In aka haɗa ko rabin wannan a asusu guda, aka ɗora wa ajin tambaya guda, aka raba ta gida-gida, wasu su ɗauki masu rake a Ɗanja, wasu masu noman rani a bakin madatsar Mairuwa, wasu yaran makaranta a kusa da Ruwan Sanyi, wasu su auna ruwan rijiyoyi da burtsatse, wasu su bi shagunan maganin feshi da kemis su rubuta abin da ake sayarwa, to a ƙarshen zango za mu fito da abin da ya fi bango mai gwal. Ajin da ke biye su koma wa mutanen nan dai a shekara mai zuwa. Cikin shekara biyar makarantar nan za ta mallaki bayanan da ko ma'aikatar lafiya sai ta zo ta roƙa.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a ɗakin kwana. Na farko, wai mu 'yan difloma ne, ba likitoci ba, doka ba ta ba mu damar ɗibar jinin mutum ko faɗa masa cutarsa ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a yi wasa da wannan ba. Hukumar da ke kula da masu gwajin asibiti ta ƙasa tana da ƙa'idojinta, binciken da ya shafi ɗan Adam kuma sai da izinin kwamitin ɗa'a da yardar wanda za a gwada. Amma wannan sharaɗi ne, ba katanga ba. Ma'aikacin gwaji mai lasisi ya ɗebi jinin, likita ya duba sakamakon ya yi wa mai shi bayani, mu kuma mu yi tambayoyi, mu yi lakabin kwalabe, mu kula da sanyi, mu auna ruwa, mu shigar da alƙaluma. Aikin da aka horar da mu a kai ke nan. Akwai ma tsari na duniya mai suna DEGREE da masana suka rubuta musamman don irin wannan awo a ƙauyukan manoma, yadda sakamakon Kafur zai iya zama kusa da na Siri Lanka a gwada.

Na biyu ya fi nauyi, kuma na daɗe ina juya shi. In ka gaya wa talaka ƙodarsa ta fara rauni, alhali ba ka da abin ba shi, ba ka ƙara masa damuwa kawai ba? Amsata ita ce ciwon ƙoda in an kama shi da wuri akwai abin yi, kuma mai sauƙi. A sauko da hawan jini da ƙwayoyin da ke kare ƙoda. A daidaita suga. A ba yaro furazikwantel tsargiya ta mutu. A daina haɗin gajiya. A rage gishiri da dunƙulen miya. A ƙara jarkar ruwa a gona, a huta a inuwa in rana ta take. Wanda ba shi da abin yi shi ne wanda aka gano a makare. Sai dai sharaɗi ɗaya: kada mu gwada kowa sai mun riga mun shirya da asibitin da za a tura shi. Wanda ya karɓi fitsarin mutane ya tafi da sakamako ya samu maki bai waiwayo ba, ya ci amanarsu.

Na uku, tsaro. Ba mai hankalin da zai tura ɗalibai cikin dajin Faskari ko Sabuwa da sunan furojet. A fara da inda ake iya zuwa a dawo, ranar kasuwa, a harabar asibitin shan magani, da sanin mai gari da limami.

Wanda ke ganin duk wannan mafarki ne, ya leƙa Damaturu. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, bisa jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar da ke aiki a Jami'ar Sussex ta Ingila. Da kayan aiki na gudummawa da goyon bayan gwamnatin jiha aka fara, yau ga shi suna horar da matasa, suna kuma cikin masu bin diddigin ciwon ƙodar da ya addabi jihar. Yobe ba ta fi Katsina kuɗi ba. Mutum ɗaya ne ya nace, gwamnati ta saurara.

Sai ke, ƙungiyar ɗalibai. Muna biyan kuɗin ƙungiya duk shekara. Muna ganin makon al'adu, muna ganin gasar ƙwallo, muna ganin riguna masu hoton shugabanni. Ban ƙi ko ɗaya ba, ni ma ina zuwa kallo. Amma firiza ɗaya mai aiki da sola, da batirinta, a ɗakin gwajinmu, ba ta fi ƙarfin kasafin shekara ɗaya ba. Ba tare da ita ba, ko kyauta aka aiko mana da kwalbar furotin daga Beljiyam, rashin wuta na iya mai da ita ruwan banza. Haka samfurin jini. Malamanmu kuma suna da ƙofar neman tallafin bincike daga TETFund. Malamin da ya shiga da bayanan mutum ɗari biyar da ɗalibansa suka riga suka tattara ya fi wanda ya shiga da takarda zalla ƙarfin magana.

Wani abu kuma da ya shafe mu tun yau, kafin a sayi komai. Akwai masu yawo a tashoshin mota da zaurukan WhatsApp da kwalaben wankin ƙoda na sha, da garin da wai ke sabunta ƙwayoyin halitta, suna jefa manyan kalmomi irin su furotin da DNA da antijin don su burge mai saye. Ku da kuka karanta wannan kun ga cewa furotin na gaskiya, wanda aka ƙera a tsabtataccen ɗaki aka biya shi da dala, kamfanin da kansa ya rubuta a jikinsa kada a ba mara lafiya. To ina ga wanda ke cikin jakar leda a rana a tashar Funtua? In ka je hutu ka tarar an sayo wa baba ko inna irin wannan, kai ne ɗan boko na gidan, kai za a ji.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Awon da zai nuna ko aikin gona na taɓa ƙoda sai an yi shi sau biyu ga mutum ɗaya, kafin aiki ya kankama da kuma bayan ya lafa. Ga masu damina, wajen watan Mayu da kuma bayan kaka. Ga masu rake da noman rani, daga sanyin Disamba zuwa zafin Afrilu. Ranar Ƙoda ta Duniya kuwa Alhamis ta biyu ce a watan Maris, ta faɗo daidai tsakiyar zangon rani. Izinin kwamitin ɗa'a yakan ɗauki watanni, don haka takardar neman izini da ta haɗin gwiwa da asibiti dole su bar teburin shugaban sashe tun makon farko na sabon zango. Mu 'yan ajin ƙarshe muna da sauran 'yan makonni. Zan kai wannan shawara a rubuce zaman majalisar ɗalibai mai zuwa, ina kuma neman mutum biyar daga ajin da ke bayanmu, biyu daga cikinsu mata, don a gidaje da yawa na Malumfashi namiji ba zai shiga ya karɓi fitsarin matar aure ba.